Ƙafar Anselmo da Motoci Uku

Shekara biyu da wata huɗu ke nan rabon Anselmo Bertolino da filin tsere. Ba tsufa ne ya raba su ba, ko da yake ya ba sittin baya. Rufin rumbun cukunsa ne ya ɓurma da shi wata safiya yana neman inda ruwa ke yoyo, ya faɗo a kan ƙafar hagu. Sau uku likitocin birnin Rosario suna yi masa aiki, a ƙarshe suka ɗaure idon sawun da ƙarfe da kusoshi. Yana tafiya ba sanda, amma sawun ba ya lanƙwasuwa, kuma in ya danna shi da ƙarfi sai ya ji kamar an soka masa basilla har gwiwa.

Kafin faɗuwar, shekara talatin ya yi yana zuwa filin da ke bayan garinsu duk Asabar ɗin farko ta wata. Shi da abokansa ba kofi suke nema ba, kowa da agogo yake tsere. Tsohuwar motarsa kuwa, tun yana kwance a asibiti ya sa aka sayar da ita don haushi, ya ce kada a ƙara yi masa zancen mota. Aka daina. Shi ne da kansa ya sake tayar da zancen bana, da hunturu ya fara janyewa.

Akwai abin da bai faɗa wa kowa ba. Tun daga ranar da ya faɗo, ko kujera ya taka zai ɗauko abu a sama sai hannunsa ya kama rawa, gumi ya keto masa. Ciwon ƙafa ya san iyakarsa. Abin da yake gudu shi ne a ce tsoron nan ya bi shi har cikin mota.

Da sassafe suka fita a a-kori-kura, su uku, da naman gashi a baya. Matarsa Zulma tana tsakiya da ƙoƙon mate, shayin ganyen ƙasarsu, da fulas, agogon awon gudu na rataye a wuyanta, wanda tun suna da ƙuruciya ita ke riƙe masa. A gefen taga kuma Hilario ne, bakanikensa kuma amininsa, wanda duk garin ke kira Ƙato saboda ramamme ne kamar sandar mofa.

"Tsoho, za ka sha ko in miƙa wa Hilario?" in ji Zulma.

"Ba shi."

"Yau ka ga ikon Allah," Hilario ya ce yana karɓa. "Anselmo ya ƙi mate. Ko dai cikinka ne ya fara kaɗawa tun ba mu isa ba?"

"Ƙato, rufe mana baki, in ba haka ba ka koma baya ka zauna da naman."

"Naman ya fi ka daɗin hira."

A filin suka tarar da Delfina Quiroga ta riga ta sauke motocin daga tirela. Tsohuwar 'yar tsere ce, yanzu tana sayar da irin waɗannan motoci a Rosario, tana kuma koyar da tuƙinsu. Gajera ce, mai furfura a goshi, ba ta da yawan magana. Ta gaishe su, sannan ta tsaya tana kallon Anselmo yana takowa daga a-kori-kurar, ba ta ko ɓoye cewa ƙafarsa take kallo ba.

"Don Anselmo," ta ce, da laƙabin girmamawa na ƙasarsu, "ga su nan. Uku na kawo, kamar yadda muka yi."

Ta farko ruwan toka ce, ƙirar Jamus, injinta a baya, da giyar hannu da kuloci irin na dā. Ta biyu ruwan ɗorawa ce, 'yar Italiya, faffaɗa, a kwance da ƙasa kamar kada, mai ƙarfin doki ɗari bakwai da ɗoriya. Ta uku ƙarama ce, shuɗiya, ba ta kai rabin ƙarfin ta biyun ba, sai dai ba ta da nauyi. Ita da ta Italiyan ba su da kuloci. Wasu 'yan kunnuwa biyu ne a bayan sitiyari, da yatsa ake canza giya.

Anselmo bai ko kalli biyun ba. Ya dafa rufin ruwan tokar.

"Wannan na zo gani."

"Kulocinta da tauri," in ji Delfina.

"'Yata, tun kafin a haife ki nake taka kuloci."

"Da wata ƙafar," ta ce, ba fushi ba dariya. "Amma mu je. Ni zan zauna a gefe."

Ya sa hular kwano, ya ɗaure bel. Da injin ya tashi a bayansa sai da tsikar jikinsa ta tashi. Zagayen farko ya yi shi a hankali, yana ɗumama taya, yana gaisawa da kwanonin da ya sani kamar ɗakunan gidansa. Ƙafar ta yi zafi, amma ta yi aiki, don ya gano cewa in ya turo ta tun daga ƙugu kulocin yana sauka. A zagaye na biyu ya ƙara wuta. A na uku ya buɗe mata a doguwar miƙaƙƙiyar hanya, ciyawa da allunan talla suka zama zane ɗaya a gefen idonsa.

A ƙarshen miƙaƙƙiyar akwai kwana mai tsanani zuwa dama, wadda suke kira Gwiwa. Ya taka birki daidai allon alamar da ya saba. Ya kai ƙafar hagu ga kuloci, ya danna, sai ta tsaya a rabi. Zafi ya harba masa har ƙugu. Giya ta yi wani gurnani ta ƙi shiga. Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafar, ko ƙiftawar ido bai kai ba, da ya ɗago kwanar ta riga ta wuce shi. Motar ta sauka kan ciyawa, ta juya sau ɗaya da rabi, ta tsaya tana fuskantar inda suka fito, injin ya mutu.

Ba abin da ake ji sai tsuntsayen tero da suka tashi suna zaginsu.

"Kina lafiya?" ya ce, muryarsa ba ta fita sosai.

"Lafiya lau. Motar ma ba abin da ya same ta, ciyawa ce kawai. Birkinka daidai yake, Don Anselmo. Ƙasa ka kalla, shi ke nan."

Hannuwansa yake kallo a kan sitiyari, suna rawa, irin rawar nan da ya sani. A ransa ya ce to, ga shi nan, ya biyo ni. Wa ya sani ma ko ba ciwo ne ya tsayar da ƙafar ba, ko zuciyar ce ta ja da baya ta laɓe a bayan ciwon?

Delfina ce ta tuƙo su suka dawo rumfar ajiye motoci. Hilario ya rugo ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ciro wani curin ciyawa ya ɗaga sama.

"Da ka faɗa mini yankan ciyawa za ka yi, ai da na taho da shanu."

Ba wanda ya yi dariya. Anselmo ya tuɓe hular ya ajiye a kan tebur.

"Zulma, tattara kaya. Gida za mu."

Zulma ta yi alamar gicciye tun lokacin da ta hango ƙura, amma yanzu fuskarta ba ta nuna komai. Ta ci gaba da zuba ruwan zafi a ƙoƙo.

"Hilario ya riga ya ɗora haƙarƙari a wuta," ta ce. "Sai nan da awa biyu. Ni ban taɓa barin nama a kan garwashi ba, kuma ba yau zan fara ba. Ka zauna."

"Na ce miki..."

"Na ji abin da ka ce, tsoho. Makullin a-kori-kurar yana jakata. Zauna."

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya miƙe ƙafar. Wasu tsofaffin abokan zagaye suka zo suka gaishe shi, kowa yana yi kamar bai ga komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Da suka tafi Delfina ta zo ta tsaya a kansa.

"Tunda jira za ka yi, zo ka zauna a ta Italiyan. Ba tuƙi ba. Gwaji nake so in yi."

Don kada a ce ya yi zuciya ya tashi. Shigarta kaɗai aiki ce: sai da ya zauna a kan dokin ƙofar mai faɗi, ya zura ƙafar dama, ya ɗago ta hagu da hannu biyu ya cusa. Amma da ya daidaita, ya ji ƙamshin fata, ya ga yadda gaban motar ya zube ƙasa, sai ransa ya ɗan motsa. Ba kuloci a nan. Doki ɗari bakwai. In ya shigo filin da wannan, wa zai ƙara tuna ciyawar yau?

Delfina ta ɗaure masa bel ɗin kafaɗu, ta rufe ƙofa, ta juya wajen Zulma.

"Doña Zulma, a riƙe mana agogo. Don Anselmo, ka ɗauka wuta ta kama a bayanka. Fito."

Ya kwance bel, ya tura ƙofar sama, ya fitar da kafaɗa. Sai sawun hagu ya maƙale tsakanin kujera da dokin ƙofa. Ya ja, ya ƙi. Ya murɗa, ya ƙi. Ya ƙare rabinsa a waje, tafin hannunsa a kan siminti, rabinsa a ciki.

"Ƙato, kana kallona? Ja ni mana, ɗan banza!"

"Ai ni wutar nake jira ta gama, in zo in sa gishiri," in ji Hilario, yana dariya har da riƙe ciki. Ya kama shi ta hammata ya finciko shi kamar mai karɓar haihuwar maraƙi.

"Daƙiƙa ashirin da shida," in ji Zulma. "Da taimako."

"Ba zan sayar maka da ita ba," Delfina ta ce. "Ko ka roƙe ni. Wanda ba zai fita a daƙiƙa goma ba, ba ya shiga fili da motata."

Anselmo ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya so ya yi faɗa, amma da ya tuna yadda yake a rataye ɗazu sai dariya ta kuɓuce masa ta hanci. Ya nuna shuɗiyar da haɓa.

"Saura motar 'yan makaranta ke nan."

"Haka duk masu kuɗin Rosario ke ce mata," in ji Delfina, "har sai ta wuce su a kwana. A miƙaƙƙiya waccan za ta bar ta a baya. Amma filin nan miƙaƙƙiya ɗaya gare shi, kwana goma sha ɗaya. Ba ta cin taya, birkinta ba ya gajiya, kuma in ka yi kuskure tana gaya maka kafin ta hukunta ka. Shiga ka fita mu gani."

Ƙofarta a buɗe take sosai, dokinta siriri. Ya shiga, aka ɗaure shi, Zulma ta danna agogo. Ya juya a kan ƙugu, ya fitar da ƙafafu biyu tare, ya miƙe. Daƙiƙa takwas.

"To, zagaye biyu," Delfina ta ce tana miƙa masa hular. "Ƙafar hagu ka ajiye ta a gefe, ba ruwanta da mu. Ba ta da aiki a motar nan."

Ya dubi hular, ya dubi Zulma. Ita kuwa tana can tana juya burodi a gefen wuta, ta ba shi baya da gangan. Ya karɓa.

Zagayen farko ya yi ta kai hannu yana laluben sandar giyar da babu. Delfina ta buge masa hannun sau biyu. A na biyu yatsun suka fara ganewa: dama sama, hagu ƙasa. Motar ba ta da rugugin ta Jamus, amma duk inda ya kalla can take nufa, kamar ta ji abin da yake tunani. Da suka zo rumfa Delfina ta ce ya tsaya, ta kwance bel ta fita.

"Ina za ki?"

"Nauyi nake ƙara maka. Je ka, zagaye biyar."

Ta rufe ƙofa kafin ya sami abin cewa.

Ya fita shi kaɗai. Ya bi kwanonin baya, ya hau miƙaƙƙiyar, ya danna totur har ƙasa. Giya ta huɗu, ta biyar. Can gaba ga allon birki yana tahowa, ga sawun tayarsa na ɗazu, baƙaƙe biyu, sun miƙe sun shige ciyawa. Yana jiran rawar ta zo, har yana jin inda za ta fara a tsintsiyar hannu.

Allon ya iso. Ya taka birki, bel ya kama ƙirjinsa. Yatsan hagu ya taɓa sau uku, injin ya amsa sau uku. Idonsa na kan cikin kwanar, bai bar ta ba. Motar ta shiga, tayar dama ta hau jan dutsen gefe ta yi ɗan gurgur, ta fito, ya sake ba ta wuta.

Sai da ya kai kwana ta gaba ya lura cewa hannuwansa a tsaye suke, ko motsi.

Ya yi ihu a cikin hular, wani irin ihu da shi kansa bai san yana da shi ba. A zagaye na gaba ya jinkirta birkin da taku biyu. A na bayansa bayan motar ya ɗan zame a kwana ta bakwai, hannunsa ya gyara ta kafin ya yi tunani, kamar yadda yake yi shekara talatin. Delfina ta ce biyar, sai da ya yi takwas, har mai tuta ya fito ya kaɗa masa.

Da ya tsaya a rumfa bai fito ba. Ya kashe injin, ya ɗaga gilashin hular, ya zauna yana numfashi. Zulma ta zo ta durƙusa a bakin taga, ta juya masa fuskar agogon.

"Minti ɗaya da talatin da biyu da ɗigo shida. Mafi kyawunka a tsohuwar motar minti ɗaya da talatin da ɗaya ne da ɗigo huɗu. Ban rage maka ko ɗaya ba."

Bai kalli agogon ba. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ƙafar ce, tsohuwa," ya ce. "Ashe ƙafar ce kawai."

"Da me ka zata?"

Sai ya faɗa mata, a gajarce, da kujera da gumin da rawar hannun, abin da ya riƙe shekara biyu. Ta saurara har ya gama, sannan ta zura hannu ta kwance masa igiyar hular.

"Wata bakwai ƙwan fitilar kicin yana mace, kullum sai ka ce gobe. Kana tsammanin ban gane ba? Daga sama ka faɗo, Anselmo, dole ka ji tsoron sama. Mota kuwa a ƙasa take. Da ka tambaye ni tun bara, da na faɗa maka."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Yaushe ka taɓa yarda da abin da ba agogo ne ya faɗa maka ba?" Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ni dai na gode Allah. Shekara biyu kana bina kicin kana koya mini yankan albasa. Saura kaɗan in koma gidan ƙanwata."

Hilario ya iso da wuƙa a hannu da yankan tsiran alade a bakinta, ya miƙa masa ta taga.

"To, ɗan makaranta, yaya?"

"Ita zan ɗauka."

"Shuɗiya? Kai da ka ce namiji ba ya tuƙa mota mai ƙafa biyu, birki da totur kawai?"

"Ƙato, wanda ya faɗi haka yana da ƙafa biyu. Buɗe bayanta ka duba mini injin, ka daina surutu."

Suka ci haƙarƙari a tsaye, a kan katako, da burodi da yaji mai ganye. Delfina ta zauna da Hilario suna tsara abin da za a yi: a ɗaga kujera da yatsa biyu, a sa wani ɗan tudu inda sawun hagu zai jingina don kada ya riƙa yawo a kwana, a canza man birki zuwa mai jure zafi. Ta ce taya kuwa kada ya taɓa waɗanda ke kai sai ya yi Asabar uku da su. Anselmo ya ce to ga komai, abin da ya sa Hilario ya taɓa masa goshi wai ko zazzaɓi ne.

Da rana ta karkata, ana shirin mayar da motocin tirela, Zulma ta cire agogon daga wuyanta ta rataya wa Hilario. Ta ɗauki hular Delfina tana jujjuya ta.

"Wannan za ta shige ni?"

Duk suka tsaya suna kallonta. Tun da suka yi aure ba ta taɓa shiga motar tsere ba, ko a tsaye.

"Tsohuwa, da gaske kike?"

"In abu zai zauna a garejina, gara in san halinsa. Amma a hankali, ka ji? Na ci na ƙoshi."

Delfina ta ɗaure ta da kanta. Anselmo ya ja motar kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, yana bin kwana ɗaya bayan ɗaya, yana satar kallonta. Ta ƙanƙame bel da hannu biyu har suka gama zagayen. Da ya sa sigina zai shiga rumfa sai ta dafa masa hannu.

"Wai wannan ne abin da nake tsayawa a rana shekara talatin ina aunawa?" ta ɗaga murya don ya ji ta cikin hular. "Haba, Anselmo. Motar madara ma ta fi haka. Koma, ka taka ta yadda kake yi in ba na ciki."

Ya kashe siginar, ya koma kan hanya. Hilario, da ke bakin shinge, ya ce har daga Gwiwa yana jiyo ihunta, kuma ya rantse ba na tsoro ba ne.